Liatu da Tauren Kirsimeti

Duk wanda ya saba shiga layin masu kayan miya a Kasuwar Muda Lawal ya san Liatu. In bai san sunanta ba, ya san muryarta. Gajeriyar mace ce mai jiki, kullum tana zaune bayan tulin tattasai da attarugu, kuma kafin ka gama taya kaya ta riga ta ƙulle maka a leda ta miƙo. Ba ta da rowa, ba ta da riƙo. Abu ɗaya ne Allah bai ba ta ba, haƙurin jira. In ta ɗora tukunya sai ta dame ta da buɗe murfi. In mai keke ya tsaya neman fasinja sai ta sauka ta kama hanya da ƙafa, can sai keken ya zo ya wuce ta tana haki.

Daga wani ƙauye a ƙasar Bogoro aka kawo ta Bauchi tana amarya, shekara talatin da ɗoriya ke nan. Mijinta Andrawus direban babbar mota ne a lokacin. Ya kama haya a wani lungu bayan Ƙofar Wambai, daga baya Allah ya hore masa ya saye gidan. Ranar da Liatu ta tare, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. Washegari wata doguwar mace ta leƙo ta kan katanga ta tambaye ta ko tana da wuta. Azumi ke nan, matar Malam Hammadu, dillalin shanu a kara. Fulani ne da suka bar daji suka zauna a gari. Ita ta koya wa Liatu suyar masa, ita ta nuna mata hanyar kasuwa, ita ce kuma ta koya mata Hausa. Andrawus yakan ce tunda Bafulatana ce ta koya wa 'yar Bogoro Hausa, kada kowa ya yi mamakin abin da ya fito.

Azumi 'ya'ya maza kaɗai ta haifa, saboda haka da aka haifi Jemima, autar Liatu, sai ta ƙwace ta. A bayanta yarinyar ta girma, Goggo take ce mata, Malam Hammadu kuma Baffa. A wata shekara da gari ya rikice, a ɗakin Azumi su Liatu suka fake har ƙura ta lafa. Bayan haka Kiristocin lungun suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna komawa unguwar Yelwa. Joel, babban ɗan Liatu, shi ma can ya yi gini, har ya ware wa iyayensa ɗaki biyu, kuma duk zuwan da zai yi sai ya tayar da maganar. Liatu takan bar shi ya gama, sannan ta zuba masa abinci ta ce ya ci ya tafi kada yamma ta yi masa.

Maganar taure kuwa ta samo asali tun Kirsimetinta na farko a gidan. Andrawus ya yanka kaza, Liatu ta rangaɗa miya, ta cika langa ta miƙa ta katanga tana washe baki. Ba a jima ba sai ga Azumi da langar a hannu. Ba ta yi wani kwana-kwana ba, ta ce, "Amarya, kada ranki ya ɓaci. A gidanmu ba ma cin yankan da ba Musulmi ne ya yi ba. In kina so mu ci, badi ki kira Malam." Liatu ta ji kunya, amma ta ji daɗin gaskiyar. Daga shekarar da ta biyo baya yankan Kirsimeti ya zama aikin Malam Hammadu, har ya wuce taimako ya zama sarautarsa. Shi yake zaɓo taure a kara tun kaka, Liatu ta yi ta ɗura masa dusa da harawa. Ranar jajibere da hantsi sai ga shi cikin farar riga, wuƙarsa naɗe a tsumma. Ya yi yanka, ya wanke hannu, ya ce Allah ya maimaita, ya tafi. Ko kan tauren ba ya karɓa. In Babbar Sallah ta zo kuma, cinyar rago guda ta gidan Andrawus ce, babu mai taɓa ta.

Su Liatu 'yan cocin Angilikan ne, kuma a cocinsu ba a shiga Kirsimeti haka kawai. Sai an yi Lahadi huɗu na jiran zuwan Almasihu, lokacin da ake kira Adben. Kowace Lahadi a kunna kyandir ɗaya a gaban bagade, Rabaran ya yi wa'azi a kan shirya zuciya. Liatu ce mai buga tulu a Zumuntar Mata, kuma duk matan sun san in ba a sa mata ido ba za ta kai ƙarshen waƙa ta bar su a tsakiya. Amma lokacin nan tana ɗaukarsa da gaske. A cikinsa take bin duk wadda suka yi sa-in-sa da ita a kasuwa ta nemi gafara, ko da ita ce mai gaskiya. A cikinsa take zagaya marasa lafiya da kunu a jug, ta yi musu addu'a gajeriya, don doguwa ba ta iyawa. Takan ce, "Allah ya san jira ne ke ba ni wahala, shi ya sa ya ware mini wata guda kowace shekara in koya. Har yanzu ban ci jarrabawar ba."

A shekarar da nake ba da labari, Adben ya zo mata da ƙarin farin ciki, domin Jemima ta kawo wanda take so. Sunansa Obadiya, malamin firamare ne a wani ƙauye can gaba da garin su Liatu, ƙauyen da daga farkonsa har ƙarshensa Kirista ne. Dogo ne, mai kunya, mai ƙarfi kamar ya ɗaga buhu biyu. Manya sun riga sun gana, saura sa rana. Aka ce zai zo ya yi Kirsimeti a Bauchi, ya sauka wurin wani abokinsa.

Ranar jajibere tun da sassafe Liatu ta shirya komai. Ta haƙa ɗan rami a gindin katanga, ta ajiye baho da bokitin ruwa da igiya, sannan ita da Andrawus suka tafi addu'ar safe. Suna fita Obadiya ya iso da buhun acca a kafaɗa. Jemima ta shimfiɗa masa tabarma, ta ce ya zauna za ta kai niƙan kayan miya ta dawo, yau ake yankan taure aiki ya yi yawa. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta fice.

Obadiya ya zauna. Ya dubi tauren, tauren ya dube shi. Ya dubi ramin, da bahon, da ruwan. A ƙauyensu, saurayin da ya zo gidan surukai ya tarar da aiki a ajiye ya miƙe ƙafa a tabarma, har jikokinsa sai an yi musu gori. Kuma a ƙauyensu ba a taɓa tambayar wa ya yi yanka ba, ana dai tambayar ko naman ya nuna. Sai ya cire rigarsa ta zuwa gidan surukai ya rataye, ya shiga kicin ya samo wuƙa.

Da Liatu ta shigo gida, abin da ta fara gani shi ne taure rataye a reshen dalbejiya, an feɗe shi tas, fata a shanye, kayan ciki a baho. Obadiya ya zube ƙasa ya gaishe su, fuskarsa cike da murmushin wanda ke jiran yabo. Liatu ta buɗe baki, sai ta tuna suruki ne, ba a yi wa suruki faɗa, balle wanda ba a ma ɗaura ba. Ba ta kai ga rufe bakin ba aka yi sallama a ƙofa.

Malam Hammadu ne, cikin farar rigarsa, da wuƙa naɗe a tsumma. Ya tsaya ya dubi abin da ke rataye. Ya ɗan jima yana dubawa. Sannan a hankali ya mayar da wuƙar cikin aljihu.

"Ashe an riga an gama," in ji shi. "Madalla. Allah ya sa a yi biki lafiya."

Andrawus ya ce, "Malam Hammadu, tsaya ka ji yadda aka yi."

"Ba komai, Malam Andrawus. Ba komai wallahi."

Ya juya ya fita. Jemima ta dawo daga niƙa ta tarar da gida tsit, ta dubi bishiya, ta ɗora hannu a ka. Ita ta ja Obadiya gefe ta yi masa bayani. Bawan Allah ya saurara, ya ɗauki rigarsa ya sa a bai-bai, ya rasa inda zai sa kansa.

Liatu ba ta zauna ba. Ta figi mayafi ta faɗa gidan Azumi ta zayyana mata komai, har da buhun acca. Azumi ta saurara da kyau ta ce ba komai, kuskure ne, kowa yana yi. Liatu ta wuce kasuwa wurin mahauta ta sayo naman sa, ta dafa shi a tukunya daban. Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga sujada, ta cika kula da shinkafa da miya, ta haɗa da cincin, ta kai da kanta, ta kuma faɗi sunan mahaucin. Aka karɓa, aka yi godiya. Da yamma Azumi ta dawo da kular a wanke da ƙwaryar kindirmo a kai, yadda aka saba.

Komai an yi shi daidai, kuma daidai ɗin ne ya tayar wa Liatu da hankali. Azumi da ta saba ƙwala mata kira ta katanga da "ke Liatu", yau ta zagayo ta ƙofa ta yi sallama ta tsaya sai da aka ce ta shigo. Ta kira ta Maman Jemima. Ta yaba miyar, ta yaba cincin, ta ƙi zama. Liatu ta zauna da Fulani shekaru masu yawa, ta san ba-komai ɗinsu kala-kala ne, kuma wannan ba mai daɗin ba ne. Ta ji tsoro ƙwarai. Gani take abin da suka gina tun tana amarya zai koma gaisuwar hanya, irin ta maƙwabtan da ba su taɓa yin faɗa ba don ba su taɓa shaƙuwa ba.

Washegari ta ce wa mijinta za ta je kara ta sayo wani tauren a kira Malam ya yanka.

Andrawus ya ce, "Ki ja akuya zuwa ƙofar mutumin nan yau, cewa zai yi kin mayar da shi yaro, an ƙwace masa alewa an sayo masa wata. Ba nama ne ya dame shi ba. Ki bari tukuna."

"In bari har yaushe?"

"Ke da kika yi wata guda kina kunna kyandir ɗin jira, ni kike tambaya?"

Ta harare shi, amma ta san ya faɗi gaskiya. Nan Liatu ta gane cewa jiran Adben mai sauƙi ne, domin kowa ya san ranar da zai ƙare. Wannan kuwa ba shi da rana. Kwanakin nan tsakanin Kirsimeti da Sabuwar Shekara, da aka saba yin su cikin ziyara da ciye-ciye, ita a bakin katanga ta yi su. Ta ɗauki tsintsiya ta share wurin da ta riga ta share, tana kasa kunne ko za a kira ta. Tana jin motsin Azumi a can, tana jin ƙarar turminta, amma shiru. Addu'arta ma ta canza. Da can takan jero wa Allah bukatu ta ce amin ta tashi. Yanzu sai ta durƙusa ta rasa abin faɗa, ta daɗe a haka, daga ƙarshe ta ce, "Ya Ubangiji, ka dai gani."

A sujadar Sabuwar Shekara, wajen sanarwa, Rabaran ya ja kunnen matasa kada su cire adon coci. Ya ce Kirsimeti bai ƙare ba, akwai baƙi a hanya. Masana taurari daga gabas ba su iso ranar haihuwa ba, sai daga baya, kuma ba 'yan ƙasar ba ne, ba dangi ba ne, amma aka buɗe musu ƙofa aka karɓi abin da suka kawo. Ranar isowarsu ita ce Idin Bayyanuwa, Lahadi mai zuwa ke nan, kuma idi ne cikakke, ba ragowar wani idi ba.

Liatu ta kai wa Andrawus gwiwar hannu a haƙarƙari har sai da ya yi tari. Shekara da shekaru tana jin wannan sanarwar, ba ta taɓa shiga kunnenta ba, domin kafin lokacin ta riga ta koma kasuwa da hankalinta duka. In idi ne cikakke, ai yana da haƙƙin yanka. Ba biyan kuskure ba ne, biki ne da ranarsa ta zo. Andrawus ya yi tunani, sannan ya ce wannan kam ta yi, amma ba ita za ta je ba, wanda ya yi ɓarnar shi zai je.

Ba sai an roƙi Obadiya ba. Tun ranar da abin ya faru yake aiko wa Jemima saƙo yana tambayar abin da zai yi. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi a keke daga tasha, shi da wani jan taure da ya ɗauko daga garken babansa, tauren a kan cinyarsa yana ta kuka, yaran unguwa suna dariya. Ya ɗaure shi a gida, ya wanke hannu, ya nufi ƙofar Malam Hammadu. Liatu ta bi bayansa ta maƙale a zaurenta, inda take jin komai.

Malam Hammadu yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Obadiya ya cire takalmi ya tsuguna.

"Baffa, ni ne na yi yankan nan. Ba wanda ya sa ni. A garinmu ban taɓa zama da maƙwabci Musulmi ba, ban san yadda ake yi ba. Gobe muna da idi, na kawo taure. Mama ta ce ba mai sa masa wuƙa sai kai."

Malam Hammadu ya ci gaba da jan carbinsa, ya bar saurayin a tsugune. A zaure Liatu ta ji kamar ta fito ta amsa a madadinsa, amma ta dafe bango ta tsaya. Wannan ne jira mafi tsawo da ta taɓa yi, ta kuwa yi shi har ƙarshe.

Can Malam Hammadu ya ce, "Wane idi ne kuma? Ban taɓa jin kuna yanka a wannan lokaci ba."

"Na baƙin da suka zo a makare ne, Baffa."

Dattijon ya yi ɗan murmushi. "Wa ya koya maka fiɗa?"

"Babana."

"Na ga fatar nan ranar. Ba ka huda ta ba. Je ka ɗebo ruwa, ina zuwa."

Ya zo, ba farar riga, da kayan zaman gidansa. Obadiya ya danne taure, Malam Hammadu ya yi bismilla ya yanka, sannan ya miƙa wa saurayin wuƙarsa ya ce ya feɗe yana kallo. Andrawus ya kawo kujera, dattawan biyu suka zauna suna ba da umarnin da ba wanda ya nema.

Liatu tana tsugune a bakin baho tana wanke kayan ciki sai ta ga inuwa a kanta. Azumi ce, ko mayafin kirki ba ta yafa ba, fuskar nan a murtuke.

"Ke Liatu, yaushe za ku tashi?"

"Mu tashi zuwa ina?"

"Kada ki raina mini hankali. Duk lungun nan an san Joel ya gama muku ɗaki a Yelwa, har fenti an yi. Sai ga suruki ya zo ya yi yanka. Malam ya dawo ya ce mini, shi ke nan, sun fara koyon zama ba mu. Ranar ko abinci bai ci ba. Ni kuma na ce tunda ba ki ga dama kin gaya mini ba, ba zan tambaya ba."

Liatu ta saki hanjin da ke hannunta. Dariya ta zo mata tare da hawaye, ta rasa wanda za ta fara.

"Azumi, a kan wannan kika yi ta ce mini Maman Jemima? Ɗakin nan ai Joel ya sa 'yan haya a ciki. Ni da Yelwa sai ziyara. Daga gidan nan sai inda kowa zai je."

Azumi ta tsaya tana kallonta, tana neman alamar wasa a fuskarta, ba ta samu ba. Ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna da ƙarfi. Ta goge ido da gefen zani ta ce hayaƙin murhun nan ya yi yawa, alhali ba a ko hura wuta ba.

"Da kin tashi ba ki gaya mini ba," in ji ta, "da har Yelwan zan bi ki in yi miki tas a gaban sababbin maƙwabtanki."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Matsa can. Shekara nawa ina nuna miki, har yau ba ki iya wanke tumbi ba, sauri kamar ana korar ki."

Liatu ta matsa. Azumi ta naɗe hannun riga ta tsoma hannu a bahon, suka ci gaba da wankin tare, tana faɗa, Liatu tana zuba mata ruwa.